DARASI: GIYA DA ƘWAYA DA DOKA A BAKIN IYAKA

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata ya fito ne daga Illela, garin da yake bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato. Duk wanda ya taɓa kwana a can ranar Asabar ya san yadda gari yake cika kafin wayewar Lahadi, gama ranar ce kasuwa take ci. Ga motocin shanu da awaki, ga buhunan albasa da gero da wake, ga 'yan canji da naira da sefa, ga kuma 'yan kabu-kabu suna kai da komo tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Watau ranar da muke taruwa domin Misa, ita ce ranar da samarinmu da yawa suke yin aikin ƙarfi mafi tsanani a cikin mako.

Wata rana bayan Misa wata uwa ta same mu da hawaye, ta ce, "Fada, ɗana ba ya shan giya, ko kusa da ita ba ya zuwa. Magani kaɗai yake sha saboda aikin dako. To, me ya sa yake faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya?" Muka ce, "Mama, ki kawo mana katin maganin mu gani." Da ta kawo, sai muka ga an rubuta 225 a jikinsa. Ba a daɗe ba kuma wani magidanci, wanda matarsa ta kawo ƙararsa, ya ce mana, "Fada, ai mu doka ba ta hana mu ba, addini kuma bai hana mu ba. In na haye Ƙonni na sha kwalba uku, wa na cuta?"

Waɗannan mutane biyu ba su san juna ba, amma kuskurensu iri ɗaya ne. Uwar ta ɗauka abin da ba a kira shi giya ba, ba shi da lahani. Magidancin kuwa ya ɗauka abin da doka ta ƙyale, jiki ma ya ƙyale shi. Manufar wannan darasi ita ce mu rarrabe tambayoyi uku da muka saba gwamutsawa: me abu yake yi a jikin mutum, me doka ta ce a kansa, me kuma lamiri yake bukata daga gare mu. Doka tana sākewa idan aka haye iyaka, amma hantar mutum da ƙwaƙwalwarsa ɗaya suke a Illela da Ƙonni.

Kashi na ɗaya: Aikin giya a jiki

Burukutu da pito da giyar kwalba da ruwan inabi da ogogoro, abin da yake bugarwa a cikinsu duka sinadari ɗaya ne, ana kiransa itanol. Bambancinsu yana wurin yawansa ne. Giyar kwalba tana da kimanin kashi 5 cikin 100, ruwan inabi kimanin kashi 12, barasa mai zafi kuwa irin su jin da wiski kimanin kashi 40. Babbar kwalba ta mililita 600 tana ɗauke da kimanin giram 24 na itanol. 'Yar ledar nan ta mililita 30 mai ƙarfin kashi 40 tana da kusan giram 10, saboda haka leda biyu da rabi sun yi daidai da babbar kwalba guda, ko da yake ana iya ɓoye su a aljihun wandon ɗan makaranta.

Hanta ce take ƙone itanol, kuma ba ta iya ƙone fiye da giram 7 zuwa 10 cikin awa guda. Ba wanka da ruwan sanyi, ko shayi mai kauri, ko cin goro da zai sa ta yi sauri. Magidancin da ya sha kwalba uku da dare ya zuba wa jikinsa giram 72, wanda zai ci wa hanta awa 8 ko fiye. Idan ya ɗauki fasinja da asuba zuwa Sakkwato, da sauran giya a jininsa, ko da shi yana jin ya wartsake. Giya tana rage saurin yanke shawara, tana rage tsoron haɗari, ga shi kuwa a kan hanya ƙiftawar ido ce tsakanin taka birki da karo.

Idan aka daɗe ana sha, hanta takan yi kitse, sa'an nan ta kumbura, daga bisani ta taurare ta kasa aiki. Wanda yake da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, ko da bai san yana da shi ba, giya tana gaggauta lalacewar hantarsa. Har wa yau tana ta da hawan jini, tana taɓa zuciya, tun shekarar 1988 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbata suna jawo sankara, musamman ta baki da maƙogwaro da hanta da hanji da mama. Mace mai ciki idan ta sha, ɗan da yake cikinta ya sha, lahanin da zai yi wa ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ya gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na watan Yuni 2024 cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza ne.

Akwai kuma haɗarin barasar da aka dafa a ɓoye. Wani lokaci akan sami wani sinadari mai suna metanol a cikinta, wanda yake makantarwa, yake kuma kashewa. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu ta haka a Ode-Irele ta Jihar Ondo, wasu kuma a Jihar Ribas, bayan sun sha ogogoro. Ido da hanci ba su iya rarrabe mai metanol da marar shi.

Kashi na biyu: Mayen da yake zuwa da rigar magani

Ƙwayar da uwar nan ta nuna mana tiramadol ce, wadda jama'a suke kira Tramol. Magani ne na gaskiya, an fara sayar da shi a Jamus a shekarar 1977 domin rage ciwo mai tsanani, dangin su mofin ne kuma. Abin da aka amince da shi a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100, likita kuma ba ya ba babban mutum fiye da 400 a yini. Amma wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa yakan zama mai 120, ko 200, ko 225, ko 250. Ɗan dako da ya haɗiye guda biyu masu 225 da safe ya riga ya wuce ƙa'idar yini guda tun bai ɗauki buhun farko ba.

Ƙwayar ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko kaɗan. Abin da take yi shi ne ta rufe bakin gajiya da ciwo, waɗanda su ne masu gargaɗin jiki. Saurayi sai ya ci gaba da ɗaukar kaya baya yana lalacewa, ya wuni bai ji yunwa ba yana ramewa. Idan ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana kuma rage numfashi har ya tsaya. Bayan 'yan makonni jiki yakan saba, guda ɗaya ta daina isa. Ranar da bai samu ba kuwa sai ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci da baƙin rai su taso masa. Daga nan ya daina sha domin aiki, ya koma yin aiki domin ya sami na sha. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, amma a nan har mai wayo yana ɗauruwa.

Maganin tari mai kodin shi ma dangin tiramadol ne, kuma saboda zaƙinsa da rashin warinsa ya shiga ɗakunan mata da 'yan mata, inda ake gauraya shi da lemon kwalba ba wanda ya lura. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam da wadda ake kira roci suna kwantar da ƙwaƙwalwa kamar yadda giya take yi. Idan aka haɗa su da giya, ko da tiramadol, ko da kodin, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi a kan numfashi, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Yawancin mutuwar farat ɗaya ta 'yan maye daga irin wannan haɗe-haɗe take fitowa.

Tabar wiwi tana raunana tunani da riƙe karatu, kuma ga wanda ya fara ta tun yana yaro, ko wanda akwai taɓin hankali a danginsa, tana iya buɗe ƙofar ciwon hauka. Sholisho da fetur da yara suke shaƙa suna lalata ƙwaƙwalwa, suna iya tsayar da zuciya tun a shaƙar farko. Zaƙami da ake jiƙawa a wasu bukukuwa guba ne. Taba sigari da shisha da tabar gari kuwa, ko da yake ba su sa mutum tangaɗi, su ne suka fi duka kisa a duniya, gama suna kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Goro da shayi da kofi suna da sinadarin da yake hana barci, lahaninsu kaɗan ne idan ba a wuce kima ba. Sai dai iyaye su sani, wani lokaci a cikin kofin shayi ko kofi ake narka ƙwaya a ba yaro ya ɗanɗana.

A watan Janairu 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu shan wiwi miliyan 10.6 ne, masu shan tiramadol da danginta miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A Arewa maso Yamma, inda muke, adadin ya kai kimanin miliyan 3. Wannan yanki ne da giya ba ta da kasuwa a fili, amma duk da haka maye bai rasa hanyar shiga ba.

Kashi na uku: Tarihin doka a taƙaice

Hana barasa a wannan ƙasa tsoho ne. Tun zamanin Daular Sakkwato shari'ar Musulunci ta haramta ta. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal cewa ba za a kai barasa mai zafi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, a kan haka ne gwamnatin Lugga ta mai da Arewa yankin hani ga 'yan ƙasa. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya, ta kuma tanadi hukunci ga duk wanda ya bugu ya dami jama'a, ko wane addini yake bi. Daga shekarar 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, Jihar Sakkwato ta koma ga shari'ar Musulunci a kan laifuffuka, inda Musulmin da ya sha giya hukuncinsa bulala ne, sayar da ita a fili kuma ya ƙuntata ƙwarai. A hayin Ƙonni kuwa, wadda iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba da Illela, dokar Nijar ta yarda mai lasisi ya sayar da giya.

Sha'anin miyagun ƙwayoyi na gwamnatin tarayya ne. A 1966 aka yi dokar soja a kan tabar wiwi. A 1984 aka yi wata mai hukuncin kisa, a watan Afrilu 1985 kuma aka harbe mutum uku a Legas a ƙarƙashinta, amma fataucin bai tsaya ba, daga baya aka soke kisan. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, wadda dokarta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar iblis da makamantanta, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su a hannu. A 1993 aka kafa NAFDAC domin lura da ingancin abinci da magunguna. Nijar ma tana da tata dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999.

A 'yan shekarun nan doka ta juyo kan abubuwan da ake sayarwa a fili. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana kuma sayar da sigari kara-kara, ko da yake kowa ya san abin da yake gani a teburin mai tireda. Ranar 1 ga Mayu 2018, kwana guda bayan BBC ta nuna bincikenta a kan yadda ake karkatar da maganin tari zuwa kasuwar bayan fage, gwamnatin tarayya ta hana yin mai kodin da shigo da shi. A Disamba 2018 NAFDAC ta ba kamfanonin barasa shekara biyar su daina zuba ta a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. An fara aiwatarwa a Fabrairu 2024, aka yi ta jayayya saboda ayyukan ma'aikata, har aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. A Kano kuma, a Fabrairu 2024, aka tilasta wa dillalan magani su tashi daga kasuwar Sabon Gari su koma cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, domin a san abin da yake shiga da abin da yake fita.

Kashi na huɗu: Abin da doka take iyawa, da inda take tsayawa

Kada wani ya ɗauka muna rena doka. Abin da ya yi tsada, ya kuma yi wuyar samu, yara ba sa saurin kai hannu gare shi. Kowace kwalba da aka hana shiga gari, wataƙila ɗan wani ne aka tsirar. Jami'an kwastan da na NDLEA da suke tsaye a Illela cikin rana da ƙura, masu riƙon amana daga cikinsu suna yi mana hidima, ya kamata mu girmama su, mu kuma taimake su da gaskiya.

Amma garin iyaka yana koya mana inda hannun doka yake tsayawa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, aka buɗe ta Illela a Disamba 2020. An sāke rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. A waɗannan lokuta 'yan kasuwa na halal sun sha wuya, amma mu da muke zaune cikin jama'a ba mu ga ƙwaya ta ɓace daga hannun samari ba, gama babur ba ya bukatar kwalta, ƙwaya dubu kuma tana shiga ƙaramar jaka. Yawancin tiramadol daga Indiya ake yin ta, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome, ta hauro arewa, wani kaso ya tsaya a wurinmu, wani ya wuce Agadas da Libiya. A Satumba 2017 an kama fiye da ƙwaya miliyan 3 a Nijar cikin mota guda da ta fito daga Najeriya.

Idan aka toshe wata ƙofa kuma, masu fataucin sukan buɗe wata. Indiya ta tsananta dokar fitar da tiramadol a 2018, sai ga wata sabuwar ƙwaya ta bayyana a kasuwanninmu, haɗin tafentadol da wani maganin sassauta jijiya, mai kama da tsohuwar a kati, ta kuwa fi ta ƙarfi. Sai a Fabrairu 2025, bayan wani binciken na BBC, Indiya ta hana yin wannan haɗin. Amurka ma ta hana giya ɗungum daga 1920 zuwa 1933, shan ya ragu, amma 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi, mutane kuma suka mutu da gurɓatacciyar barasa. Ruwa ba ya tsami banza. Muddin akwai yaron da ake biya bisa ga yawan buhun da ya ɗauka, da matar da take cikin kaɗaici da baƙin ciki, da saurayin da ya gama makaranta bai sami abin yi ba, mai sayarwa zai sami mai saye. Doka tana iya kama kaya a hanya, amma ba ta iya shiga zuciya ta tambayi dalilin sha. Wannan aikin iyali ne, da Ikilisiya, da dukan al'umma.

Kashi na biyar: Abin da Ikilisiya take koyarwa

Gaskiya ne Ikilisiyar Katolika ba ta ce ruwan inabi ƙazamtacce ne ba. Ubangijinmu ya halarci biki a Kana, da gurasa da ruwan inabi kuma ya bar mana Jibin Jikinsa da Jininsa. Amma Littafi Mai Tsarki cike yake da gargaɗi a kan buguwa, Katekizim na Ikilisiya kuma, wanda aka fitar a 1992, ya tattauna wannan batu ƙarƙashin doka ta biyar, wadda ta hana kisa. A lamba ta 2290 ya koyar cewa kamewa ta shafi abinci da giya da taba har da magani, kuma wanda ya jefa ransa ko na wasu cikin haɗari a kan hanya saboda maye ya ɗauki babban laifi. A lamba ta 2291 ya koyar cewa shan ƙwaya ba domin jiyya ba babban zunubi ne, mai fataucinta kuwa ya haɗa hannu da mugunta kai tsaye.

Saboda haka ga amsar magidancin nan. Ya cuci matarsa da ta kwana ba kuɗin cefane, ya cuci 'ya'yansa da aka koro saboda kuɗin makaranta, ya cuci fasinjan da ya ba shi amanar ransa. Akwai kuma wanda a gare shi ko kurɓi guda ya yi yawa: mai ciki, yaro, direba, mai ciwon hanta, da wanda ya riga ya san in ya fara ba ya iya tsayawa. Ikilisiya da kanta ta yarda da wannan, gama tana ba firist mai fama da jarabar giya izini, ta hannun Bishop, ya yi Misa da ruwan 'ya'yan inabin da bai yi ƙarfi ba. Sa'an nan mu tuna muna zaune tsakanin maƙwabta Musulmi waɗanda giya haram ce a gare su. 'Yancinmu bai ba mu damar zama sanadin tuntuɓe ga 'ya'yansu ba, bai kuma kamata a san unguwar Kirista da warin barasa ba.

Tilas mu faɗi wata magana mai ɗaci. Wasu daga cikin masu shagunan magani a garuruwanmu 'yan Ikilisiya ne, sana'arsu kuma mai daraja ce. Amma dokar ƙasa ba ta ba mai kemis izinin sayar da tiramadol ko ƙwayar barci ba. Wanda ya miƙa wa yaro mai 225 ranar Asabar, ya kawo baiko daga ribar ranar Lahadi, ya binciki lamirinsa kafin ya matso bagade.

Ga wanda jaraba ta riga ta kama kuwa, Ikilisiya tana da misalai masu ƙarfafa zuciya. Matt Talbot lebura ne a birnin Dablin na ƙasar Ailan, an haife shi a 1856, ya fara sha tun yana ɗan shekara 12. A 1884 ya ɗauki alkawarin bari, ya kuwa riƙe shi har mutuwarsa a 1925, Paparoma Bulus na Shida ya amince da nagartarsa a 1975. Markus Ji Tiyanshiyang kuma likita ne a ƙasar Sin, ya fara shan ofiyom domin ciwon ciki, watau a matsayin magani, ya kasa bari har ƙarshen ransa. Shekara 30 ba a ba shi Jibi ba, amma bai daina zuwa Misa ba. An kashe shi saboda bangaskiyarsa a 1900, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sa shi cikin tsarkaka a shekarar 2000. Ɗaya ya sami ikon bari, ɗaya bai samu ba, amma dukansu biyu ba su yanke ƙauna daga jinƙan Allah ba. Kada mu rufe wa kowa ƙofar da Allah bai rufe ba.

Kashi na shida: Abin da za mu yi

Na farko, mu san abin yi lokacin haɗari. Idan muka sami mutum a sume saboda maye, a kwantar da shi ta gefe guda domin kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, kada kuma a bar shi ya yi barci shi kaɗai. A gaggauta kai shi asibiti tare da katin abin da ya sha, gama akwai allurar da take karya ƙarfin tiramadol da kodin idan an isa da wuri.

Na biyu, jaraba ciwo ce mai bukatar likita. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa ko ƙwayar barci, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, gama bayan kwana biyu ko uku yana iya shiga rawar jiki da gane-gane da jijjiga, har ta kai ga mutuwa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da yake Kware yana kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Kada mu kai 'ya'yanmu inda za a sa musu mari a yi ta dukansu. Mun ga halin da aka sami ɗaruruwan mutane a ciki a Rigasa ta Kaduna a Satumba 2019, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 kuma ta kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya. Addu'a da asibiti tare suke tafiya.

Na uku, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a aiki yaro sayen giya ko sigari. Iyaye su lura da ramewa, da jan ido, da barcin rana, da ɓacewar kuɗi a gida, su kuma yi tambaya cikin natsuwa kafin su ɗaga murya. Masu ɗaukar 'yan dako da 'yan ƙwadago su ba su hutu da abinci da ladan da ya dace, domin wanda ya ɗora wa yaro aikin mutum biyu, shi ya tura shi wurin mai ƙwaya.

Na huɗu, ƙungiyoyinmu su duba al'adunsu. Zumuntar Mata da ta Maza da ta Matasa su zauna da katekist su yi shawara a kan yawan giyar da ake kawowa a bikin aure da baftisma da jana'iza, kada talaka ya ci bashi domin a bugu a gidansa. Ranar 26 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mu gayyaci ma'aikatan lafiya, mu haɗa kai da limamai da masu unguwanni da shugabannin tasha, gama ƙwaya ba ta tambayar addinin yaro kafin ta kā da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwan maye ne ake samu a unguwarmu, kuma ta hannun wa yara suke fara samunsu?
2. Akwai abin da doka ta ƙyale mu mu yi, amma ƙaunar iyali da maƙwabci ta hana mu? Mu ba da misali.
3. Yaya muke karɓar wanda ya komo daga jiyya, idan kuma ya sāke faɗuwa me muke yi masa?
4. Wane abu guda ƙungiyarmu za ta iya yi kafin ƙarshen wannan wata, wa kuma zai ɗauki nauyinsa?

Mu yi addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ka ba mu jiki da hankali amana. Ka dubi 'ya'yanka da jaraba ta ɗaure, ka ba su ƙarfin neman taimako. Ka ta'azantar da iyayen da suke kuka a ɓoye, ka ba jami'an iyaka da ma'aikatan lafiya riƙon gaskiya, ka juyo da zuciyar masu cin riba da ran 'ya'yan mutane. Mu kuma ka koya mana kamewa da jinƙai. Mun roƙa ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.